Karkataccen Hannun Ƙofar Marsandi

Shekara goma sha tara Ɗalhatu ya yi yana buga bodin mota a Panteka ta Kaduna, kafin hayaƙin fenti ya taɓa masa ƙirji, likita ya ce ya nemi wata sana'a. Haka ya zo Doha tuƙi yana da shekara arba'in da shida. Guduma ya bari a gida, amma idon sana'a ya biyo shi. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko a ƙofar masallaci sai ya jera takalman mutane kafin ya shiga, har direbobi 'yan Arewa da suke haɗuwa cin abinci a Muntaza suka sa masa suna Ma'auni.

Wanda ya ɗauko shi aiki Nasir ne, ɗan kasuwa mai gida a Umm Salal. Aikin guda ɗaya ne: kullum bayan la'asar ya kai mahaifin Nasir, Baba Jasim, bakin teku a Kornish, tsoho ya zauna ya kalli jiragen katako, su dawo kafin magariba. Baba ya rikice, sunan jikokinsa ma ya ɓace masa. Motoci huɗu ne a gidan, amma ba ya shiga kowace sai farar Marsandinsa ƙirar 1972. Tun ranar farko Nasir ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: "Muddin Baba yana fita, kana da aiki. Ranar da ya daina, khalas, shi ke nan, sai gida."

Motar tsaf take, sai abu ɗaya. Hannun ƙofar gaba, inda Baba yake zama, ya sunkuya ƙasa, ba ya buɗewa sai da dabara. Sai an ɗaga shi, a danna maɓallin sau biyu, a tokari ƙofar da gwiwa. Baba kuma ba ya yarda kowa ya buɗe masa. Mutumin da ya manta hanyar banɗakinsa, wannan dabara ba ta taɓa kuɓuce masa ba.

Wata bakwai Ɗalhatu yana kallon hannun nan yana haɗiye miyau. Hali zanen dutse. Wata Juma'a da hantsi, gida tsit, ya ɗauko sifana da sukudireba, ya cire murfin ƙofar ta ciki. Nan ya ga ɓarna: noti ɗaya ya saki, sandar da take jan makulli ta lanƙwashe, a bayan hannun kuma wani ya cusa guntun fatar takalmi. Ya yi tsaki, ya zare fatar ya jefa a gwangwanin kayan aikinsa. Ya miƙar da sandar, ya sa sabuwar roba, ya ja zare daga hannun baya zuwa na gaba har suka yi layi ɗaya, ya ɗaure, ya shafa giris. Da ɗan yatsa ɗaya ƙofar ta buɗe. Ranar ya tafi masallaci zuciyarsa fari ƙal.

Bayan la'asar Baba ya fito da sandarsa. Ya kama hannun zai ɗaga, ya ji shi daram. Yana taɓa maɓallin, ƙofar ta buɗe tun gwiwarsa ba ta kai ba. Ya ja da baya, ya daɗe yana kallon motar.

"Wannan ba motata ba ce," in ji shi. Ya juya ya koma ciki.

Washegari ko taɓa ta bai yi ba. Rana ta uku ya ƙi fitowa daga ɗaki. Nasir ya kira Ɗalhatu ya ce ai dama likita ya faɗa cewa irin wannan ranar za ta zo. In sati ya cika Baba bai fita ba, za a yi wa Ɗalhatu takardun tafiya. Tsoro ya kama Ɗalhatu, kunya kuma ta fi tsoron. Ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya yi. Nasir bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Sati ɗaya dai."

Da Ɗalhatu ya gaya wa matarsa Atine a waya, ba ta lallashe shi ba. "Malam, wa ya aike ka? Gyaran gangar Auzinawa ka yi. Sai ka mayar masa da abinsa yadda ka same shi."

Gyaran awa biyu ya ci masa, ɓatawar kwana biyu. Sakin noti ba wuya, amma sakinsa daidai yadda shekara arba'in suka sake shi, nan ne aikin. Abin da ya cece shi shatin da hannun ya bari a jikin fenti, inda ya daɗe yana goga. Ya bi shatin, ya mayar da guntun fatar, ya lanƙwasa sandar kaɗan-kaɗan, yana gwadawa da hannunsa da gwiwarsa, har ƙofar ta ƙi buɗewa sai a dannawa ta biyu. Duk lanƙwasa ɗaya sai da ya ji ta a ransa.

Rana ta shida Nasir ya lallaɓo mahaifinsa zuwa tsakar gida. Baba ya tsaya nesa, sannan ya matso ya miƙa hannu. Ya ɗaga, ya danna, ya sake dannawa, ya tokara da gwiwa. Ƙofar ta buɗe da 'yar ƙararta ta da. Ya shiga ya gyara zama.

"Yalla," in ji Baba. "Mu tafi."

Ɗalhatu ya tayar da mota. Sai da suka hango teku Baba ya juyo ya dube shi, ya rage murya.

"Kai yaron kirki ne. Akwai wani a gidan nan da yake taɓa mini mota. Kada ka bar shi."

"To, Baba," in ji Ɗalhatu. "Ba zai ƙara ba."