Injin da Yake Tashi Shi Kaɗai

Shekara biyu muka yi a wani gidan haya a Unguwar Sanusi, kuma ban taɓa wayar gari ina son kafintan da yake shagon gaban gidan ba. Ɗakinmu ne na farko idan aka shigo daga zaure. Shagon ƙofa biyu gare shi, babba ta bakin titi, da wata ƙarama da take buɗewa cikin zauren, ko sakata ba ta da ita. Daga bakin ɗakina zuwa ƙaramar ƙofar taku goma sha ɗaya ne, da ƙafata na auna. 'Yata tana da shekara ɗaya da rabi a lokacin, kafin in zubar da ruwan wanke-wanke ta kai can.

Malam muke ce masa. Dattijo ne, da fensir a bayan kunne kullum. Injin yanka katakonsa tebur ne na ƙarfe, an tsaga tsakiyarsa, faifan zarto ya leƙo ta tsagar kamar rabin faranti mai haƙora. A aji huɗu na bar makaranta, amma idona yana gani. Na ga injin yana da murfi na roba mai haske da ake kifawa a kan faifan. Malam ya cire shi, ya juya shi a kan kanta, a ciki yake zuba ƙananan ƙusoshi. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe a bayan faifan, shi ma ya kwance ya jefa a kwali, wai yana rage masa sauri.

Duk wannan hannunsa kaɗai zai shafa, shi ya sani. Abin da ya hana ni sukuni makunnin ne. Da muka tare a gidan, injin yana da maɓalli biyu, kore da ja. Idan aka ɗauke wuta ya mutu ke nan, ko an dawo da ita ba ya motsi sai an danna koren. Da maɓallan suka ƙone, mai gyaran wuta ya ja waya zuwa bango ya sa masa makunni irin na ƙwan fitila. Tun daga ranar, idan aka ɗauke wuta ana cikin yanka, Malam sai ya yi tsaki, ya karkaɗe riga, ya fita bakin titi ko masallaci. Injin a kunne. Ana kawo wuta zai tashi da kansa, ba kowa a kusa.

Wata Talata da hantsi ina tankaɗe, an ɗauke wuta tun safe, gida shiru. Sai na ji kukan injin. Na waiwaya ban ga yarinyar ba. Ban san yadda na tsallake rariyar ba. Na same ta a tsaye ta riƙe ƙafar teburin, ɗaya hannun a miƙe tana ƙoƙarin kamo wani guntun katako da yake rawa a bakin teburin. Tsawonta bai kai ba. Da wata uku ne nan gaba, da ya kai.

Na goya ta, na fita titi ba ko mayafi, na sami Malam wurin mai shayi. Na ce masa injinsa ya kusa cinye mini 'ya. Bai ko ajiye kofin ba.

"Amarya, shago ba filin wasa ba ne. Ki riƙe 'yarki."

"Malam, makunnin nan ɗan yatsa ɗaya yake buƙata. Ka kashe kafin ka fita."

"Tun ba a haife ki ba nake yanka katako. Ba ke za ki koya mini ba."

Masu shan shayi suka yi dariya. Wani ya ce ai sai a ba ni fensir in sa a kunne.

Na roƙi a rufe ƙaramar ƙofar, a nan na gane ni kaɗai ce. Matan gidan da dusar katakon Malam suke girki, suna dannawa a murhun gwangwani, guntayen kuma su hura wuta da su, duk kyauta, duk ta wannan ƙofar. Wata maƙwabciyata 'yar Binuwai, da muke cin abinci kwano ɗaya, ta ce mini cikin raha ita ta raini 'ya'ya huɗu a gidan nan ba wanda injin ya taɓa. Tsohuwar da take ɗakin ƙarshe ta ce ɗan fari ne ke haukata ni. Maigidana yana tuƙa Keke, yana fita tun asuba. Ya ce in yi haƙuri, Malam ƙanin mai gidan ne, kada in jawo a ba mu takardar tashi.

To sai na ɗaukar wa kaina aiki. Fankar ɗakina tana tsayawa zan leƙa. Idan Malam ya fita, in shiga da sauri, in danna makunnin, in ji ya ce ƙwas, in fito. Wata huɗu ina haka. Na bar tuwo ya kama ƙasan tukunya saboda wannan, na katse wanka da sabulu a ido. Da Malam ya gane, ya tsaya a zaure yana faɗa da ƙarfi, wai matar aure tana shiga shagon maza, idan wani abu ya ɓata ya san wadda zai tambaya. Duk da haka ban daina ba. Na tsani ƙarar takalminsa, na tsani tarinsa, har ƙamshin sabon katako na tsana.

Abin da ban taɓa yi ba shi ne in tsaya in duba wane gefe ne kunnawa, wane ne kashewa. A karkace mai gyaran wutar ya kafa makunnin, ba sama ba ƙasa. Kuma ban ga amfanin dubawa ba, tunda kullum a kunne yake barinsa. In na danna, na kashe ke nan.

Ranar da abin ya faru an ɗauke wuta dab da azahar. Na hango Malam a bakin titi yana magana da wani mai kawo katako. Na shiga da yarinyar a bayana, na danna, na fito, na koma kan wankina. Bayan kamar minti goma fanka ta motsa. Injin ya yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ƙarfe ya daki kwanon rufi, sannan na ji muryar Malam yana salati.

Ashe ya dawo zai canza faifan, haƙoran tsohon sun dakushe. Yana kwance notin faifan da sifana lokacin da wuta ta zo. Injin ya fizge sifanar ya wurga sama, faifan ya zarge masa gefen hannu daga ƙaramin yatsa zuwa wuyan hannu. Na tsaya a zaure ina kallon jini yana shiga cikin dusa yana dunƙulewa. Aka naɗe hannun da rawani, aka sa shi a Keke zuwa asibiti. Tsohuwar ɗakin ƙarshe tana kallona, domin ta ga shigata.

Bayan kwana uku ya zo zauren, hannu a ɗaure a rataye a wuya. Ya yi sallama a bakin ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Matan gida duk suka fito, kowa da abin da take yi kamar tana yi.

"Ke kika taɓa makunnin?"

"Ni ce."

"Na kashe shi. A ranar nan, da hannuna na kashe shi, saboda bakinki ya ishe ni. Ke kika kunna."

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wata huɗu ba ka taɓa kashewa ba, Malam. Ta ina zan sani?"

Ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni. Na ce da a ce hannun 'yata ne, da me zai ce mini, in riƙe ta?

Da la'asar mai gidan ya tara mu. Maigidana ya durƙusa yana ba da haƙuri, yana taɓa ni da gwiwar hannu in buɗe baki. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, daga nan ban ƙara ba. Mai gidan ya yanke cewa a toshe ƙaramar ƙofar, a sa wa injin maɓallan da suka dace, mu kuma idan shekararmu ta cika mu nemi wani wuri.

Washegari aka jera katako uku aka buga a ƙofar. Na tsaya har aka buga ƙusa ta ƙarshe, na sa hannu na girgiza na ji ba ta motsi. Ranar na sauke yarinyar a tsakar gida na shiga wanka, na yi shi har ƙarshe. Wata biyar da suka rage mana a gidan ba matar da ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya, igiyar shanya ma sai da na ɗaura tawa daban.

Yanzu muna Tudun Wada. An ce mini ƙaramin yatsan Malam bai ƙara lanƙwasuwa ba. Duk azumi maigidana sai ya ce in shirya ya kai ni in nemi gafarar dattijon nan. Na san jininsa ta hannuna ya zuba, ba na musu, ina roƙon Allah a kai. Amma har yau ban je ba, bana ma na ce masa sai dai baɗi.