Malamin da Ya Lotsa Sararin Samaniya da Zanin Gado

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Malam ya riga ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ya goge tebura, ya ɗiga mai a gindin ƙafar keken da ke rataye a bango. Ɗalibai suna kiransa Malam Katantanwa, saboda komai ya samu sai ya juya shi. A watan nan zai ajiye alli, don haka bari ku ji yadda ya ƙwato ɗakin nan ana dab da garƙame shi.

Akwai shekarar da ɗalibai suka riƙa gudun fiziks kamar wuta. Shugaban makaranta ya kira shi ofis, ya ce ɗakin zai koma sito, a jibge karyayyun kujeru, darasin kuma a soke.

"Ranka ya daɗe, bar ni da taron iyaye kawai," in ji Malam. "In suka ce a rufe, da hannuna zan kawo maka makulli."

Ranar taro ya shigo da zanin gado a kafaɗa. Matarsa, wadda ke zaune cikin iyaye, ta dafe ƙirji. "Baban yara, sabon zanina ne fa!" Wuri ya kaure da dariya. Ko a jikinsa. Ya sa iyaye mata suka kama gefe-gefe suka ja, ya ɗora ƙwallon ƙarfe a tsakiya, zani ya lotsa. Ya gangaro da 'yar ƙaramar ƙwallo, sai ta kama zagaya babbar.

"Kun gani? Babu igiyar da ke janta, hanyar ce ta lanƙwashe. Haka duk abu mai nauyi yake lotsa sarari da lokaci. Shi ya sa wata yake zagaya duniya, shi ya sa in ka saki kofi ƙasa yake nufa."

Wani direban babbar mota, mahaifin wata ɗaliba, ya miƙe. "Malam, zani dai ga shi muna gani. Sararin naka wa ya taɓa ganin lotsawarsa? Karatu na turo 'yata, ba shanya ba!"

Shugaba ya duba agogo. Wasu har sun fara tattara jakunkuna.

"Direba, bismillah, taho," in ji Malam. "A ajina ba a yarda da malami sai an gwada."

Ya zaunar da shi a kujera mai juyawa, ya ce ya ɗage ƙafafu. Ya damƙa masa ƙafar keken ta ƙarfen tsakiyarta, ya wulwula ta da ƙarfi har tana kuka.

"To, karkata ta."

Direba ya murɗa, ta ƙi. Ya cije ya sake murɗawa, sai kujera ta kwashe shi ta yi gefe.

"Kai! Wa ke juya ni?"

"Baba, riƙe sitiyari da kyau!" 'yarsa ta ƙwala daga baya. Har shugaba sai da ya share hawayen dariya.

Malam ya ɗaga hannu, aka yi tsit. "Abin da ke juyi da gudu taurin kai gare shi, inda ya sa gaba nan yake tsayawa. Masana sun ƙera irinsa, ƙwallaye masu santsin da ba a taɓa gani ba, suka sa su cikin tauraron ɗan'adam, suka saita su da wani tauraro mai nisa, suka bar su suna juyi. Babu iska, babu hannun da ke taɓa su. Da sarari a miƙe yake, da ba su gusa ba. Amma sun karkata ɗan ƙiris, daidai yadda lissafi ya faɗa tun kafin a harba su."

Direba ya sauke ƙafafu yana haki. Can ya ce, "Wato hanyar ce ta juya sitiyarin, ba direba ba."

"Ka ci jarrabawa," in ji Malam.

Direba ya waiwayi shugaba. "Ranka ya daɗe, nemar wa kujerunka wani wuri. In babu, motata na waje, yanzu in kwashe su!"

Aka ce masu son a bar wa Malam ɗakin su ɗaga hannu. Maigadin makaranta, wanda ya leƙo ta taga, ya rantse wasu har hannu bibbiyu suka ɗaga. Zango na gaba, sai da aka gyara karyayyun kujerun nan, don ajin ya cika maƙil.

Malam, kai ne ka sauko da taurari har kan tebur. Kai ne ba ka taɓa korar tambaya ba, komai kaifinta. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, amma yaran da suka ratsa hannunka ba sa haɗiye magana sai sun tauna. Mun gode, gwanin gwaji. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu riƙe da alli, ranar da wani ya miƙe ya ce ƙarya kuke yi, kada ku haɗe rai. Ku jawo masa kujera.