Dogo Ya Tafi da Shi

Tun ina ƙarami nake jin maganar a bakin kakata, wai dogo ya tafi da ƙanenta. Ba ta ƙara komai a kai. In an yi layya a gidanmu na Tsibiri, kusa da Maraɗi, sai ta ware ɗan tsagin nama ta soya shi daban, ta rufe a kwano ta ɗora bisa randa, ta ce na wanda dogo ya tafi da shi ne. Sai ya fara bushewa sannan ta ba mu mu cinye.

Ni kuwa a zuciyata Dogo mutum ne. Har kamanni na yi masa: siriri, mai baƙin rawani, yana sunkuyawa kafin ya shiga zaure. Duk mai tsawon da na gani a kasuwa sai in raɓe bayan buhunan gero. Ban taɓa tambayar kowa ba, don ni ba mai tambaya ba ne, in abu ya shige mini duhu ajiye shi nake yi har ya waye da kansa. Wannan ya waye ne a wani tsohon littafin karatun Hausa da aka kawo daga Katsina. Na ga hoton jirgin ƙasa, an rubuta a ƙasansa cewa yana tafiya a kan dogo. Ashe ƙarfen da jirgi ke bi ne. Mu da ba mu da jirgin ƙasa a Maraɗi, ina zan sani? Na rufe littafin kunya ta kama ni, alhali babu kowa a ɗakin.

Da na shiga jami'a na kama ɗaki a unguwar Zariya ta cikin Maraɗi, a bayan gidan wani Alhaji da motocinsa ke kai kaya Najeriya. Ɗakin ƙarami ne, tagarsa na kallon katanga. Abokan karatu suna zuwa fada, wato majalisar samari, shan shayi, ni ban iya zaman fada ba. In na je sai in rasa inda zan sa hannuwana. Ranar Lahadi kaɗai nake da wurin zuwa. In hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Tsibiri, in tarar da kakata a gindin bedi, wato dalbejiya, ita ma ba ta da abokin hira. Kawuna yana can arewa wurin neman abinci, matarsa kuwa aiki ya yi mata yawa.

“Maigida ya iso,” haka take tarbata. “Yau ma hannu sake? Wane irin miji ne wanga, sai takarda?”

“Takardar ce za ta ciyar da ke, tsohuwa.”

“Akuya ce ni?”

A irin wannan zaman na yi ƙarfin hali na faɗa mata yadda na ɗauki Dogo mutum. Na zaci za ta yi mini dariya. Ta yi, har da share ƙwalla, sannan ta ce ai ita ma haka ta ɗauka. Ƙanen nata ya bi masu kai gyaɗa Ƙaura, can cikin Najeriya, inda jirgi ke ɗauka. Da ayarin ya dawo babu shi, sai madugun ya tsaya a ƙofar gida ya ce dogo ya tafi da shi. Ta ce ta daɗe tana tsine wa wani bawan Allah da ba a haifa ba, kafin wata maƙwabciya ta ganar da ita. An ce an ga yaron ya hau tarago ya ce zai je ya ga ƙarshen hanyar ya dawo. Shi ke nan abin da aka sani.

Mahaifinsu ya so a yi masa sadaka kamar yadda ake yi wa mamaci, ta hana. Daga baya mijinta ya tayar da maganar, ta hana. Hujjarta ɗaya ce: abin da ya tafi da mutum a kan hanya ɗaya, ta hanyar zai maido shi, kuma ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa. Yanzu duk waɗanda suka san fuskarsa sun ƙare sai ita. Matar kawuna ta taɓa tare ni a bakin murhu ta ce, “Kai take jin maganarka. In ta tahi ba a yi ba, wa zai yi mishi? Mu ko kamanninshi ba mu sani ba.” Na ce to, ban kuma yi komai ba.

Abin da na iya shi na yi, wato karatu. Na bi littattafan tarihin cinikin gyaɗa a ɗakin karatu na jami'a har na haɗa labarin tashar. Ba babbar hanya ba ce, reshe ne da ya ɓalle daga Zariya ta Najeriya, ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙaura. Turawa suka shimfiɗa shi saboda gyaɗa da auduga. Nan ƙarfen ya tsaya, babu gaba; jirgi in ya zo sai ya juya. Mutane da buhuna duk ta nan suke hawa. Da kasuwar gyaɗa ta faɗi, motoci kuma suka yi yawa, sai zuwan jirgin ya riƙa ja da baya, a yi ta yi a daina, a sake farawa a sake dainawa. Sauran labarin direban Alhaji ya cika mini, wani mai fara'a da ya san hanyoyin can tun kafin su lalace da tsoro. Ya ce rabonsa da wurin, awaki ya gani kwance inda fasinja ke jira, ciyawa ta rufe ƙarfen.

Kowace Lahadi nakan kawo mata wani abu daga cikin labarin, kamar tsaraba. Yadda ake zuba wa jirgin da ruwa. Yadda ake jin kukansa tun daga nesa. Sunayen garuruwan da yake tsayawa, tana maimaitawa a bayana. Da na ce daga Zariya yake tasowa ta ce, “To kai da ke kwana Zariya ba ka taɓa ganin shi ba? Barci ya yi maka yawa.” Maganar awaki da ciyawa ce kaɗai ban kawo mata ba.

Sai ga shi an fara faɗa a rediyo za a kawo dogo har Maraɗi. Mutane suna cewa ta wajen Jiratawa zai biyo. Na iske ta ranar Lahadin ta yi wanka ta ɗaura sabon kallabi.

“Ka kai ni in gan shi,” ta ce. “Abin da ya ɗauke mini yaro, ban taɓa sa shi a ido ba.”

Ba za ta iya hawa babur ba, dole sai mota, mota kuwa sai wurin Alhaji. Na yi ta zagaya ƙofar zaurensa ina shirya kalmomi. Da na shiga na durƙusa, duk suka watse.

“Malam ɗalibi, yau da bakinka?” in ji shi. “Na ɗauka kurma na ba haya.”

Na yi bayani a daddatse. Ya saurara har ƙarshe, ya daina murmushi, ya ce gobe da hantsi ƙaramar motar za ta je Jiratawa ɗauko zogale, a biya ta Tsibiri a ɗauki tsohuwa, a sa ta gaba.

Muka tafi. Ni ina baya a kan buhuna marasa komai, ina hango kallabinta ta gilashi. Muka ratsa Maraɗi, muka shiga garake, ruwa na gudu a kwalbati, mata na tsinkar zogale, ƙamshin albasa ya cika ko'ina. Direban ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar amalanke, ya tsaya a bakin wani fili da aka share. Ga turaku an kafa a jere an shafa musu jan fenti, sun miƙe har inda ido ya ƙare. Ban da su babu komai.

Na kama hannunta ta sauko. Ta duba dama, ta duba hagu.

“Ina dogon?”

“Ba a kawo ƙarfen ba tukuna, Iya,” in ji direban. “Nan dai aka ce zai bi.”

Ta taka a hankali zuwa turke mafi kusa, ta taɓa kansa da sandarta. Ta daɗe a tsaye. Direban ya koma inuwa yana danna salula. Iska na kaɗa ganyen wata gonar masara can gefe.

“Maigida,” ta ce, ba ta juyo ba. “Wannan in an gama, ta kai Ƙaura?”

Da direban ta tambaya, da ya ce in sha Allahu, a wuce wurin. Amma ni ta tambaya, ni da na kwana biyu ina bin hanyar da yatsa a taswira, kuma ta san ban iya faɗin abu rabi ba.

“A'a, Kaka. Wannan Katsina za ta bi ta tahi Kano. Hanya ce daban.”

“Ta Ƙaurar fa?”

“An daɗe jirgi bai je ba. Ciyawa ta rufe ta.”

“Tun yaushe ka sani?”

“Da ɗan daɗewa.”

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni ta ina Ƙaura take daga nan, na nuna mata kudu maso yamma, bayan itatuwan kanya. Ta juya can ta tsaya, leɓunanta na motsi, ban ji abin da take faɗa ba. Sannan ta miƙo mini hannu muka koma mota.

Muka isa ƙofar gida. Ta ce in zo ranar Juma'a da wuri, in biya wurin liman, in kuma ce wa matar kawuna ta jiƙa gero. Gumbar sadaka za a yi, ƙanen nata bai son waina.

Mutane kaɗan suka zo, tabarma ɗaya ta ishe su. Liman ya ɗaga hannu zai fara, sai ya tsaya ya tambaya wa za a ambata. Muka dubi juna, babu wanda ya sani. Daga bayan zana kakata ta faɗi sunan, da na mahaifinsu, da murya sarai. Ranar na fara jin sa.

Lahadin da ta biyo na je kamar kullum. Tana gindin bedi. Ta ce maigida ya iso, na ce na iso. Ba ni da sauran labarin da zan kawo mata, ita ma ba ta tambaya ba. Muka zauna muna kallon kaji har aka kira la'asar, na yi salla na hau babur na koma ɗakina.