Kular Inna

Ana saura mako guda Babbar Sallah Inna ta kira ni daga ƙauyenmu, Toranke. Ta ce bana ita da ƙannen mahaifina sun haɗu sun sayi rago, in zo a yi da ni. Na ce mata aiki ya riƙe ni a Kano, ko nan da can ba zan motsa ba. Ƙarya nake yi. Damina ce, na tsani taɓon hanyar nan da ɗan acaɓa zai kwaso ka daga Gaya ya sauke ka kamar an tsamo ka daga kududdufi. Kuma abokaina sun shirya tafiya Jos shan iska. Inna ta ce, "To, Allah ya yi albarka." Albarkar nan ta bi ni har Jos.

Ashe washegarin Sallah ta dafa kan ragon, ta zuba a kularta, ta ɗaure da ɗankwali, ta sa aka kai tashar Gaya aka ba direba. Direban ya kira ni bai samu ba, ya bar wa mai shagon ƙofar gidanmu. Shi kuma bawan Allah ya tura ta ƙarƙashin benci ya manta, cikin zafin nan mai danƙo.

Da na dawo bayan kwanaki ya miƙo mini yana kawar da kai. Tun kafin in kwance ɗankwalin ƙudaje suka yi mini rakiya har tsakar gida. Na ɗaga murfin. Romon ya yi kumfa, man ya koma kore, tsutsa na ta iyo a kai, idon ragon ya taso sama yana kallona. Na yi amai a bakin rariya har hawaye. Wallahi ƙyamar da na ji rabinta ta naman ce, rabi ta kaina ce. Ƙato da ni, da gemu, na yi wa tsohuwa ƙarya saboda taɓo.

Da yamma Inna ta kira. "Ka samu saƙo? Gishirin bai yi yawa ba?"

Na ce, "Ya yi daidai, Inna. Har ƙashi na tsotse." Ban san bakina ya iya ƙazanta haka ba.

Na wanke kular da sabulu, na dirje da toka, na matse lemun tsami, na shanya a rana. Hancina ya ce ta fita. Sai na cika ta da sukari da ganyen shayi, don ba a mayar da kwano haka nan, na kama hanyar Toranke. Taɓon da na guda na shiga shi har gwiwa.

Na same ta a rumfa tana gyaran gyaɗa. Muka gaisa, ta jawo kular, ta kwashe kayan tana sa albarka. Sannan ta kai fuskarta ciki ta shinshina, kamar yadda take yi wa kowane kwano kafin ta kife. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta mayar da murfin a hankali.

"Ɗan nan," ta ce, "da ka gaya mini ba ka gari, da na ci abina. Shi kaɗai ne naman da haƙorana ke iyawa."