Fedar Hagu

Baba Tela bai bar ɗinki don ya gaji ba, kafar allura ce ta fara yi masa ɓuya. Ya rufe shago, ya koma ɗakinsa na bayan shagon, inda suka zauna da marigayiya matarsa tun ba su da komai sai tabarma da keken ɗinki. Wanda ya saba da aiki kuwa, zama ciwo ne gare shi. Wata rana ya bi ta wurin masu tsofaffin ƙarafa, ya ga gangar jikin keke jingine da bango, ba taya ba sirdi. Tausayinta ya kama shi, ya saɓo ta gida.

Mai wankin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce, "Tela, shekara da shekaru kana taka keke bai kai ka ko bakin ƙofa ba. Yanzu kuma ƙashi ka kwaso?"

"Kai dai ka zuba ido," in ji Baba Tela.

Bai taɓa haɗa keke ba. Awo kawai ya sani, don haka da tef ɗin ɗinki ya auna ƙafarsa, ya auna ƙarfen, ya yi masa alama da alli kamar zai yanka wando. Sauran ilimin a waya ya nema, wurin wani mutum mai magana da yaren da ba ya ji, ga saurin hannu kamar ana korarsa. Kafin Baba Tela ya lalubo gilashinsa, mutumin ya gama ɗaura sarƙa har yana ɗaga hannu. Ƙananan ƙwallayen boris na cikin taya suka watse ƙarƙashin gado, ya yini yana farautarsu da tsintsiya. Tayar farko da ya ɗaura wa wayoyi ɗingishi ta riƙa yi. Ya kwance, ya sake, ta koma ɗingisa wa ɗaya gefen. A haka dai, da faɗuwa da tashi, ƙashin nan ya fara kama da keke.

'Yarsa ta fari, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, ba keken take kallo ba in ta zo ran Asabar. Ta ga makulli a jikin ƙofa tun jiya. Ta ga butar shayi ta ƙone ƙurmus a kan risho. Ta tsinci gilashinsa cikin kwanon sukari.

"Baba, ka dawo wurinmu," ta ce. "An gyara maka ɗaki. Zaman nan kai kaɗai ba ya kwantar mini da hankali."

Ya san ɗakin. A saman bene yake, fes da shi, ba inda mutum zai ɗiga giris. Ba shago a gabansa, ba mai wanki, ba ƙusar da matarsa ke rataye mayafi.

"Sai na gama keken nan," ya ce.

"To, in ka gama."

Bayan ta tafi ne ya gane ramin da ya haƙa wa kansa. In ya gama, ya tashi. In ya kasa gamawa, ta yi gaskiya ke nan, ƙwaƙwalwarsa ta fara tafiya. Gaba kura, baya siyaki. Ya rasa ko sauri zai yi ko jan ƙafa, sai ya riƙa yin duka biyun, abin da ya ɗaure da safe ya kwance shi da yamma don ya tabbata.

Sai aka zo kan feda. Ta dama ta shige salin alin. Ta hagu ta ce atafau. Ya murɗa ta dama, yadda kowa ke ɗaure noti tun da aka fara yin noti, ta ƙi kamawa. Ya shafa giris, ta ƙi. Ya tashi ya gwada murfin kwalba, ya rufu. Ya gwada famfo, ruwa ya tsaya. Ya dawo kan feda, tana nan kan bakanta. Nan tsoro ya shige shi sosai. Ya zauna yana kallon hannuwansa, yana tambayar kansa da wanne yake cin abinci. Ko dama ce ta koma masa hagu bai sani ba? Mai gyaran keke yana nan bakin titi, amma Baba Tela ya ƙi zuwa. Magana ba ta kwana a layin nan, kafin la'asar za ta kai kunnen Uwata cewa tsoho ya manta yadda ake ɗaure noti.

Ran Asabar da safe ya ɗora shayi, ya sake gwadawa. Haushi ya ci shi, ya murɗa ta baya don ya zare ta ya yi jifa da ita. Sai kawai ta fara shiga, lafiya lau, har ƙarshe. Ya yi tsuru. Ya cire, ya mayar, ta sake shiga ta hagu. Ya daɗe yana kallonta kafin ya tuna hannun riga: na hagu ba a yanka shi yadda ake yanka na dama, juya yadin ake yi. Ashe ita ma nata yankan daban ne, shi kuwa yana nan yana tuhumar kansa a banza.

Da Uwata ta shigo, da jakunkunan kwasar kaya a naɗe ƙarƙashin hammata, ya riga ya zare fedar. Ya miƙa mata da sifana.

"Taya ni da wannan, idona ba ya gani."

Ta tsuguna ta murɗa dama. Ta sake. Gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"Baba, wannan ta lalace."

"Murɗa hagu."

"Ai kwancewa za ta yi."

"Ke dai murɗa."

Feda ta shige. Uwata ta ɗago tana kallonsa, shi kuwa dariya har da tari, don rabonsa da jin daɗi irin wannan tun yana yanka yadi. Yana cikin yi mata bayanin hannun riga sai ta ɗaga hanci. Ƙauri ne. Ta ruga ta kashe risho, ta fito da butar da ya ɗora tun safe, gindinta baƙi ƙirin.

Dariyar ta yanke. "Na manta," ya ce, kunya ta rufe shi.

Ta ajiye butar a ƙasa. Ta dubi keken, ba abin da ya rage sai ƙararrawa, ga ta can kan teburin ɗinki, ya goge ta tana sheƙi. Ta dube shi, ta dubi ƙusar da ke bango. Sannan ta ɗauki ƙararrawar ta jefa cikin jakarta.

"Wannan ba ta yi ba, Baba. Zan nemo maka wata. Keke ba ƙararrawa ai bai kammalu ba."

"Yaushe?"

"Irinta ba a samu da wuri. Gobe zan kawo buta mai kashe kanta, kuma kullum da yamma zan biyo."

Ta mayar da jakunkunan ƙarƙashin hammata yadda ta zo da su. Baba Tela ya tsaya riƙe da sifana, ya rasa ko ci ya yi ko cinye shi aka yi. Tana tsallake dokin ƙofa, ƙararrawar ta yi ƙara sau ɗaya cikin jaka, ba ta waiwayo ba.