Ruwan Gishirin Yaya Dokta

A unguwa Dokta ake ce masa, shi kuwa ya amsa har da gyaran murya. Ƙanwarsa mai ɗinki ce ta san gaskiya: yayan nata ɓeraye yake yi wa hidima a wani ɗakin bincike. Tun yana saurayi yake can har furfura ta fito, amma in ban da farar riga babu abin da ya kwaso.

Masanan wurin sukan cire wa ɓera wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai ba jiki umarni, don su ga yadda jini zai yi. Jinin sai ya faɗi, ɓera ya kwanta laƙwas. Dokta ya zura masa ɗan zobe a wutsiya ya auna, ya zuba ruwan gishiri a kwalbar keji yadda aka ce masa. Ɓera ya farfaɗo. Shi ke nan fa, mutuminka ya zama gwani!

Da Inna, mahaifiyarsu, ta fara kukan jiri da ciwon kai, ƙanwar ta ce, "Yaya, mu kai ta asibiti a auna ta mana."

"Ke da keken ɗinki me kika sani? Jininta ne ya yi ƙasa. Kullum ina ganin irinsa."

"A ɓera kake gani."

Ya ja tsaki. Safe da yamma yana dama gishiri a kofi, Inna ta runtse ido ta shanye, don kada a ce ta raina ilimin ɗanta. Takaici kamar ya kashe ƙanwar. Mutumin da ya auna wutsiyoyi ba adadi, ko sau ɗaya bai ɗaura wa uwarsa abin awo a hannu ba. Tir!

Ran da kofin ya suɓuce wa Inna, bakinta ya karkace, likitan asibiti ya ce jini ne ya hau har ɓarin jiki ya shanye. Ya tambaya me take sha a gida. Dokta ya ƙura wa takalmansa ido.

Inna ta yi ta motsa leɓe, ƙanwar ta sunkuya ta kara kunne. Da rabin bakin da ya rage mata, cewa take kada a yi masa faɗa.