Ƙafar Alhaji a Kan Kuloci

Ban yi boko ba, ƙarfe na sani: bakanike ne ni, usta ake ce wa irinmu. Garejina na bayan kasuwa a Marjandafak. Nan na girma, nan na sha ɓuya a ƙarƙashin mota lokacin da harsashi ke yawo a gari.

Akwai wani dattijo, dillalin shanu, da na daɗe ina yi wa aiki. Motarsa kunkuru ce, mai inji a baya, wadda iska ke sanyayawa. 'Ya'yansa sun gina masa gida a Gassi, can bakin gari. Da ita yake zuwa kasuwa kullum, ya sha shayi da tsofaffin abokansa, ya taɓa ciniki. Ba ya barin kowa ya riƙe sitiyarinta.

Wata safiya ya kawo ta tana warin ƙuna.

"Usta, tsohuwarka ta soma gardama," in ji shi. "Ina taka mai, tana ihu, ba ta tafiya."

"Alhaji, bara fa na yi mata kuloci."

"To kayan banza ka sa mata."

Ya yi dariya. Da zai fito, na ga ya sa hannu ya ɗago ƙafarsa ta hagu ya ajiye a ƙasa. Ya ga na gani.

Na sauke inji. Faifan kuloci ya cinye har ƙusa. Bayansa akwai babban faifan ƙarfe da kuloci ke kamawa, bolan muke ce masa. Fuskarsa ta yi tabo shuɗi-shuɗi, da ƙananan tsaga. Zafi ke yin haka. Mutum ne ke tuƙi ƙafarsa na kwance a kan kuloci, bai taka ba, bai ɗaga ba. Da can Alhaji ba ya haka. Ƙafar ce ta daina jin maganarsa.

Na kai bolan wurin mai tur, injin sassaƙa ƙarfe, ya ɗora a inji ya share fuskar a hankali har ta yi sumul. Ya ce naman ƙarfen ya kusa ƙarewa, kada in sake kawo masa. Na sa sabon faifai, na ɗaura inji. Mota ta tashi lafiya.

Babban ɗansa ne ya zo dubawa, ma'aikacin ofis. Ya tsaya a gaban mutane yana juya tsohon faifan da bakin takalmi.

"Usta, gaya min gaskiya. Aikinka ne ya lalace, ko tsufa ne ya kama ka?"

A sana'armu, abin da ka gani a cikin mota, mai mota kake gaya wa, shi kaɗai. Na san haka. Amma raina ya ɓaci, kuma ina tsoron ranar da ƙafar za ta ƙi a tsakiyar titi. Har yau ban san wanne ya buɗe bakina ba.

"Aikina lafiya lau," na ce. "Je ka duba ƙafar babanka."

Ya karɓi makulli, ya tuƙa motar da kansa.

Kalas, shi ke nan. Alhaji bai sake riƙe makullin ba. Likita ya ce shanyewar jiki ce ke tafe. Ya gwada shiga bas zuwa kasuwa, hanya ta yi nisa, matsi ya yi yawa, ya bari. Abokansa suka riƙa tambayata ina yake. Ina cewa yana hutawa.

Da ƙyar na je gaishe shi. Na same shi a kan tabarma a tsakar gida, motar na gefe an lulluɓe ta da tamfol.

"Usta, ka zo ganin aikinka?"

"Na zo gaishe ka, Alhaji."

"Ta yi daɗin tuƙi, an ce."

"Ta yi."

Ya daɗe yana kallon tamfol ɗin.

"Na san zan bar tuƙi," ya ce. "Ni ma ba yaro ba ne. Da ka ce musu bolan ɗin ya mutu, babu irinsa a gari. Sai a ce mota ce ta gaji."

Ya kira a kawo min ruwa. Na sha, na yi masa sallama, na fita neman bas.